Zinariyar Dodo a Zaurena

Shekaru sun ja, abubuwa da dama sun zube mini daga ƙwaƙwalwa, amma yammacin da aka zo zaurena domin a hana jikana wasansa, wannan ba zan manta da shi ba har ranar da za a ɗauke ni.

Jikan nan nawa magidanci ne, yana aiki a Kalambaina. Tun rasuwar kakarsa ƙafarsa ta yi nisa da gidana da ke unguwar Gidan Igwai, sai gaisuwar Juma'a a tsaitsaye. Wata rana ya roƙe ni aron zaure, wai shi da abokansa suna da wani wasa na Asabar bayan la'asar. Na yarda, domin zauren ya daɗe bai ji dariya ba.

Wasan kuwa labari ne ake ƙagawa a zaune. Jikana ke jan labarin, kowane ɗaya daga cikin sauran ya ɗauki mutum guda a ciki, wani jarumi, wani maharbi. Idan mutum ya ce zai aikata abu, sai ya jefa wata ƙwaya irin ta ludo mai fuskoki da yawa, ita za ta nuna ko ya dace. Ba a sa ko sisi. Na yi ta saurare daga kan buzuna, har ranar da suka kashe dodo a kogo, suka tarar da zinariya tsibi kamar gero a masussuka, suka ce sun kwashe duka a jakunkuna.

Na ce, "Wane jakin ne zai ɗauka? Zinariya ta fi ƙarfe nauyi. Kuma dukiyar da aka tono a ƙasa, ana fitar da ɗaya cikin biyar. Kun fitar?"

Jikana ya ce, "Tsoho, zinariyar ƙarya ce fa!"

Na ce, "To ku fitar da zakkar ƙarya."

Suka yi ta dariya, amma daga ranar aka ba ni madugun ayari a cikin labarin, na zama ɗan wasa da furfurata.

Ba a jima ba magana ta zaga unguwa cewa ana caca a gidana. Ran nan muna tsakiyar wasa sai ga sallama: aminina na ƙuruciya, dillalin shanu ne a kara, da wasu dattawa biyu a bayansa. Suka ƙi zama. Ɗayansu ya ce unguwa ta daɗe tana sa ni gaba wajen ɗaurin aure da sulhu, amma mutumin da ake jefa ƙwaya a zaurensa ba zai ci gaba da karɓar auren 'ya'yan mutane ba. Ko in kori wasan, ko su nemi wani.

Na ga jikana ya sunkuyar da kai ya fara naɗe taswirar da suke wasa a kanta. Na san idan ya fita da ita, ya fita ke nan, mu koma gaisuwar tsaitsaye.

Na ce masa, "Shimfiɗa abinka. Ni na aike ka ka naɗe?" Sannan na dubi baƙina na ce, "Ɗan caca shi ka tashi da abin wani cikin aljihunai. Wa kunka gani ya tashi da abin wani nan? In hukunci kuka so, ku kawo malami shi zauna shi gani da idonai, in bi abin da yac ce. Amma hukuncin da anka yanke daga bayan katanga, ban karɓa tai. Wakilcinku kuwa, ku ba wanda kunka ga dama."

Dattawan biyu suka kaɗa riguna suka fita. Aminina ya tsaya a bakin ƙofa yana laluben takalminsa, ni kuwa na ce a ci gaba.

Jikana ya ci gaba da jan labarin. A labarin mun iso wani gari da fari ya cinye, ayarinmu ba abinci, sai zinariyar dodo da gishiri a kan raƙuma. Maharbin cikinmu ya ce zai ba wani makiyayi dunƙulen zinariya ya karɓi bijiminsa na ƙarshe. Ya ɗaga ƙwaya zai jefa.

Sai muka ji daga ƙofa, "Kai! Wane makiyayi? Garin da babu hatsi, mi za shi yi da zinariya, shi dafa ta? Ka ba shi gishirin da ke bisa raƙumanku, shi ba ka bijimin."

Kowa ya juya. Aminina ne, dillali na haihuwa, ba ya iya jin ana ɓata ciniki ya wuce. Ya ankara da abin da ya yi, ya ɓata rai, ya ce shi gyara kawai ya yi. Jikana ya ce, "Baba Alhaji, to makiyayin ya ce buhu nawa za a ba shi?" Aminina ya saki takalmin, ya durƙusa gefen tabarma, ya ce a fara faɗa masa shekarun bijimin, kuma kada a manta da la'adarsa. Sai da aka kira magariba ya tashi.

Wakilcin aure dai sun karɓe, ba su mayar ba, ban kuma je roƙo ba. Wanda suka naɗa mutumin kirki ne, ina halartar ɗaurin auren da yake yi, ina zama a sahun baya ba tare da jin komai ba. Jikana kuwa har yau ba ya fashin Asabar.

Abin da na koya shi ne, girman da mutane suka ba ka, darajarsa tana ga abin da zai iya yi maka ranar buƙata. Idan sai ka kori naka daga ƙofarka kafin ka riƙe shi, mayar musu da abinsu tun kafin su gama tambaya.