Ginin da Kawu Ya Yi a Kan Teburi

Kawuna ya karanta zanen gine-gine a Rasha tun yana saurayi, amma a New York tasi ya tuƙa har ƙarfinsa ya ƙare. Gini ɗaya tak ya yi a rayuwarsa, shi ma a kan teburin falonsu a titin Grand Concourse, inda na zauna a wurinsu ina karatu. Da kwali da katako da gam ya kwaikwayi wani tsohon gidan zuhudun mata na Kiristocin Rasha, wanda ya yi ta zanawa yana ɗalibi.

Ya yi masa farar ganuwa mai kauri, da jajayen hasumiyoyi, da kubbobi masu kama da albasa. Idan na zauna kusa, sai ya nuna mini wata taga da tsinke. "Nan wani sarki ya kulle yayarsa, ya sa aka aske mata kai, ya rataye sojojinta a gaban tagar don ta riƙa kallo." Ganuwar kuma, in ji shi, don yaƙi aka yi ta.

Matarsa, Hajiya, ba ta taɓa son abin ba. Baƙi kan shigo su ce masha Allah, masallaci, sai idonsu ya kai kan ƙananan gicciyen da ke saman kubbobin, su kawar da kai. Ta sha cewa ya cire su. Shi kuma ya ce haka ginin yake, ba zai yi masa ƙarya ba.

Sai ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya mutu. Ranar da aka dawo da shi daga asibiti, Hajiya ta san masu dubiya za su cika gidan. Ta turo shi a keken marasa lafiya zuwa gaban teburin, ta ɗauko filaya. Yana kallo ta ɓalle gicciyen ɗaya bayan ɗaya, ta yanko jinjirin wata daga gwangwanin lemo ta manna.

Na ce, "Anti, ki ji tsoron Allah! Yana ganinki fa."

Ta ce, "Shi nake wa gata. So kike ya mutu a ce church ya bari a living room? Ke da kike cin abincina, ki iya bakinki."

Har yau in na tuna, raina ɓaci yake. Hannunsa mai lafiya ya yi ta bugun keken, ta ja bargo ta rufe masa shi.

Da la'asar falon ya cika. Wani dattijo, abokin tuƙinsa, ya daɗe yana duban ginin, ya dafa kafaɗar Kawu ya ce wanda ya ƙera masallaci irin wannan, Allah ya gina masa gida a Aljanna. Kowa ya amsa da amin. Hawaye suka gangaro wa Kawu har cikin gemu, yana ta ƙoƙarin motsa leɓe.

Hajiya ta goge masa fuska da gefen mayafinta, ta ce wa baƙin, "Godiya yake muku."