Mazarƙwaila a Shayin Baffa

Da ƙarfe goma da rabi na safiyar wata Asabar, shekarar da nake aji biyar na firamare, Baffa ya ajiye fartanya a tsakiyar kunyar gyaɗa ya zauna, ya ce ba ya ganin ƙarshen gonar sosai. Ya shanye ruwan da na kai masa kaf, ya ce a ƙaro. Baffa yayan mahaifina ne, a hannunsa na tashi a Gafasa.

A asibiti aka ce ciwon sukari ne, ya bar shan sukari. Da yake ni ke haɗa masa shayi kullum bayan na share tsakar gida, ni aka ba wa amanar. Na ɗauke gwangwanin sukari na ɓoye a bayan littattafaina. Kwana biyu Baffa ya sha shayi lami, ya ce ruwan zafi da ganye ba karin kumallon manomi ba ne. Ranar kasuwar Ajingi sai Goggo, matarsa, ta sayo mazarƙwaila. "Wannan ai rake ne, ba sukarin kanti ba," in ji ta. Kowa ya yarda, har da ni. Nakan farfasa ta da taɓarya daidai wa daida, gutsure uku a kofi, ba ƙari ba ragi. Masu zuwa dubiya ma suka bar kawo alewa, suka koma zuma da alkaki. Baffa yakan sha shayin da burodi ba komai a cikinsa, ya tafi gona, kafin hantsi jiki ya mutu.

Shekara uku muka yi a haka. Ganinsa ya yi ta raguwa, har ya fara sare gyaɗa a maimakon ciyawa, 'ya'yansa suka karɓi gonar. Ina sakandare a Gaya na karanta a littafin kimiyya cewa jini ba ya bambance zaƙin rake da na kanti. Sau huɗu na maimaita shafin. Sai da na yi mako guda kafin na iya buɗe baki na gaya wa Goggo.

Yanzu Baffa yakan fara da ƙosai ko dafaffen ƙwai, sannan shayi ba zaƙi, ya taka zuwa bakin hanya ya dawo. Sukarin ya lafa, idon bai dawo ba. Nakan tuna safiyoyin da yake kurɓa ya ce hannuna akwai albarka.

Sai bara, da na je hutu daga Kano, na iya tambayarsa: "Baffa, ni na jawo maka, ko?" Ya juyo inda ya ji muryata.

"Ke abin da aka gaya miki kika yi, 'yar nan. Ni kuwa tun kurɓar farko harshena ya faɗa mini zaƙin ɗaya ne. Daɗi na ji, na yi shiru."