Tsagen Baba a Bankok

Ina aiki a Malesiya na ɗauko Baba daga Sabon Birni aka yi masa aikin ido. Da ya warke na ce bari in gwada masa arziki, na yankar mana tikitin jirgin ruwan yawon buɗe ido. Mutumin da bai taɓa shiga abin da ya fi kwalekwalen gulbinmu ba.

Jirgin ya tsaya wuni guda, aka kwashe mu a bas zuwa cikin Bankok. Jirgin ƙasa na gudu bisa kawunan mutane, ga kunamu soyayyu a tsinke kamar tsire. Baba dai salati yake ta yi. Da ya hango tiren fara ne kawai ya saki fuska, ya ce ashe mutanen kirki ne.

Zafi ya kora mu cikin wani katafaren kanti. Nan wata yarinya mai fararen kaya ta tare mu, ta rusuna, tana duban kumatun Baba da tausayi. Ta miƙa masa takarda. Da Turanci ta tambaye ni ko haɗari ya yi, ko dabba ce ta yage shi. Wai asibitinsu na da injin goge tabo.

Tsagen Gobir fa, shida a kunci guda, bakwai a ɗayan. Tsagen da ko a kasuwannin Nijar ake ba shi tabarma kafin ya buɗe baki.

"Mi tac ce?" in ji Baba.

"Man shafawa take talla, Baba."

Ya ɗaga takardar. Hoton fuska biyu ne, mai tabo da marar tabo.

"Kai da kanka ka biya anka gyara min ido, kuma za ka yi min ƙarya?"

Kunya ta koma min fushi. Na juya kan yarinyar ina ta zazzaga mata masifa, ita kuwa sai haƙuri take bayarwa. Baba ya riƙe min hannun riga.

"Ƙyale ɗiyar mutane, ita ba ta san ko mine ne ba. Kai da kas sani, cikin ɗiyanka huɗu wa ka sa anka yi ma?"

Ban sa an yi wa ko ɗaya ba, kuma ban taɓa shawartarsa ba. Shekara goma sha biyu da haihuwar ɗana na fari, bai ce min uffan a kan maganar ba sai ranar.