Gangarar Jakara

Da man fetur ya yi tsada, yayana ya koma lallashin tsohuwar motarsa. Shi ya koya mini tuƙi, ni da hannuna ya fi sabawa da alƙalami da tawadar ajami. Yakan ce, "Kada ka bari inji ya yi kuka. Da ka ji muryarsa ta tashi, taka kuloci ka ƙara giya." Wannan gaskiya ce. Amma a tasha ya kwaso wata ɗabi'a: in ya zo gangara sai ya fitar da giya, ya kashe mota, ta gangara da kanta.

Wata Laraba bayan La'asar muka taso daga Soron Ɗinki, ina gefensa. A gangarar Jakara ya murɗa makulli, inji ya mutu. Sai ga wani dattijo mai tura kurar ruwa ya fito daga lungu. Yaya ya taka birki, birki ya ƙage kamar dutse. Ya ja sitiyari, ya kulle. Muka matse mutumin da bango. Na ji ƙarar ƙashi.

Ban gama salati ba aka finciko Yaya ta taga. Wani ya rafka masa katako a baki, haƙora suka zubo. Ya faɗi, aka bi shi da ƙafa. Na kwanta a kansa ina cewa, "Ku dubi Allah!" Aka tsaga mini goshi.

"A ƙona shi!" in ji wani matashi. "Da man motarsa za a ƙona shi!"

Suka ɓalle murfin tanki, suka zura tiyo. Matashin ya zuƙa, ya sake zuƙa, ba abin da ya fito. Yaya bai taɓa zuba man da ya wuce gindin tanki ba.

"Kai, wannan matsiyacin da iska yake tafiya?" in ji matashin.

Ana haka muryar mai ruwan ta fito daga jikin bango. "Bayin Allah, ƙafata! Ku bar shi, ku kai ni asibiti. In kun ƙona shi wa zai kai ni?"

Jikin mutane ya yi sanyi. Waɗanda suka doke mu su suka tura motar baya, suka ɗauko dattijon. Aka kwantar da shi a kujerar baya, kansa a cinyar Yaya. Na karɓi makulli, na yi bisimilla, ta tashi.

Na kasa barin giya ta biyu. Inji sai ihu yake. Daga baya na ji Yaya, baki cike da jini, yana cewa, "Malam, sa ta uku. Man ba zai kai mu ba."

Na sa. A ƙofar asibiti motar ta mutu.

Dattijon ya rayu, da sanda yake tafiya. Yaya ne yake tura masa kurar duk ranar da ciwon ƙafar ya motsa.