Ɓawon ƙwai a bayan akurki

Da ɗana ya ɗauko ni daga Tishigu zuwa sabon gidansa a Vittin, tattabaruna kaɗai na ce ba zan bari ba. Aka kafa musu akurki a bayan kicin. Tsakar gidan siminti ne har bakin ƙofa, ban kuwa so haka ba. A tsohon gidanmu ba a sa tsintsiya da safe sai na zaga na duba ƙasa, na ga abin da ya ratsa da dare.

Farkon damina, da magariba, surukata ta je ɗebo gawayi, sai ga ta a guje, ga tsohon ciki. Ni ma na ji ƙarar da ta firgita ta daga wurin alwala, kamar an ɗiga ruwa a tafasasshen mai. Kububuwa ke yin haka in tana goga jikinta.

Daga ranar yarinyar nan ba ta ƙara taka tsakar gida bayan la'asar ba. Abinci ma sai an matsa mata. Ni kuma na barbaɗa toka a gindin bango don in ga sawu, ruwa ya wanke. Na sake, iska ta kwashe. In na kwanta sai in tashi, in na tashi sai in rasa abin da zan duba.

Safiya ta huɗu na tsinci ɓawon ƙwan tattabara a bayan akurki, a murƙushe, a dunƙule kamar an tauna rake an tofar. Na san mai wannan aiki, babana ya taɓa nuna mini a gona. Maciji ne marar dafi, da dare yake hawa, ya haɗiye ƙwai ɗungurungum, ya fasa a maƙogwaro, ya amayar da ɓawon. Zanen kububuwa gare shi, har ƙararta yake kwaikwayo. Ita kuwa ɓera da kunama da kwaɗo take bi, ba ruwanta da ƙwai.

Na ƙulle ɓawon a bakin zane. In na nuna, an san tattabaruna ne ke kiran macijin gidan. Kwana biyu ina yawo da shi, ina kallon idon yarinyar yana faɗawa.

Ran na uku na kwance na ajiye a gabansu, na yi bayani.

Ta ce, “Mma, kin tabbata?”

Na ce, “Da ban tabbata ba, da kin ga na buɗe baki?”

Ɗana ya juya ɓawon da tsinke. “To, Mma, ƙwan wa yake zuwa sha?”

“Kai dai nemo kwando.”

A babur ya kai tattabarun Changli, gidan ƙanwata. A ranar surukata ta cinye tuwonta, har da ƙari.

Bayan sati biyu tattabaru uku suka dawo, suka sauka kan kwanon rufi suna leƙen inda akurkin yake a da. Kullum da safe ni ke fita da zane ina korarsu.