Birij Ɗin da Nasidi Ya Yi wa Hamisu

Nasidi ɗan unguwar Kwarbai ne. Mahaifinsa ɗinkin hula yake yi, shi kuwa tun yana ƙarami rediyon gidansu yake kwancewa. Da ya girma sai ya buɗe shago a Ƙofar Gayan, yana haɗa sautin mota. Abin da masu kawo masa aiki ba su sani ba shi ne, mutumin nan ba ya son hayaniya ko kaɗan. Idan ya dawo gida, tabarma yake shimfiɗawa a zaure ya zauna shiru.

Birij ne ya fito da sunansa. Amfilifaya, na'urar da ke ƙara ƙarfin sauti, tana da layin hagu da na dama, kowanne da sifikarsa. Nasidi yakan ɗauki jar waya daga wannan, baƙa daga wancan, ya haɗa ƙarfinsu ya tura wa wufa guda, wato babbar sifika mai rugugi. Da an kunna sai but ɗin motar ya kama karkarwa. Kullum kuma sai ya yi gargaɗi: "Ta ƙara ƙarfi, amma za ta riƙa zafi. Kada ka ƙure ta, kada ka ƙara mata wata wufar." Kowa sai ya ce to. Ba a daɗewa sai a dawo da ita tana warin ƙonanniyar roba, mai ita yana rantsuwa bai taɓa komai ba.

Wata rana Hamisu ya zo, wani mai tallar maganin gargajiya a tsohuwar mota.

"Malam Nasidi, so nake idan na kunna, har wanda yake banɗaki ya fito."

"Malam Hamisu, birij don kiɗa ake yi. Kai kuwa magana kake."

"Ai da kiɗan nake tara mutane. Amma fa an ce naka duk ƙonewa suke yi."

Maganar ta soki Nasidi. Ya ture sauran ayyuka, ya samo amfilifaya mai layi huɗu. Ya haɗa biyu ya ba wufa, ya bar biyu ga sifikun saman mota. Ya sa waya mai kauri tun daga batir, ya sa sabon fis, ya ɗaura 'yar fanka tana hura wa amfilifayar iska. Bai taɓa yin aiki mai kyau kamar wannan ba.

Hamisu ya zaga gari yana neman wurin tsayawa, bai sami inda ya yi masa ba sai gindin darbejiyar da ke kallon ƙofar gidan Nasidi. Akwai inuwa, ga mutane suna wucewa. Kullum da hantsi sai kiɗa ya tashi, sannan bayanin basir da ciwon shawara ya biyo baya dalla-dalla.

Hajara, matar Nasidi, ta ce, "Baban Fauziyya, kwanukana faɗowa suke yi daga kan kanta."

"Yi haƙuri. Na san halinsu, zai ƙure ta. Kwanan nan za ta ƙone."

Hamisu ya ƙure ta kuwa, amma ba ta ƙone ba. Bazara ta zo da zafinta, Nasidi ya sa rai. Yakan tsaya a bakin zaure yana shaƙar iska ko zai ji warin roba. Fankar nan tana ta aikinta.

Maƙwabta suka fara zuwa ƙorafi, ba wurin Hamisu ba, wurin Nasidi. Shi kuma ya kai kuka gaban mai unguwa. Mai unguwa ya saurara yana gyaɗa kai, ya ce lallai za a duba. Da ya rako shi bakin ƙofa sai ya rage murya.

"Wannan da ka yi wa Hamisu, zai yiwu a motar ɗana?"

"Zai yiwu, ranka ya daɗe," in ji Nasidi.

Daga nan Nasidi ya sami Hamisu da kansa, ya ce yana so ya duba masa aikin kyauta. Niyyarsa ya rage ƙarfin a ɓoye. Hamisu ya tsaya a gaban but ya hana.

"Lafiyarta ƙalau, Malam. Amma wallahi ka yi mini halacci, ni ma zan yi maka."

Washegari a tsakiyar talla sai Nasidi ya ji sunansa. Hamisu yana shela cewa duk mai son sauti irin wannan, ga gidan gwanin nan, mai koren ƙyaure. Tun daga ranar samari suka riƙa biyo Nasidi har gida, kowa ya tsaya a ƙofa ya kunna tasa amfilifayar don Malam ya ji inda take gazawa.

Hajara ta daina ƙorafi. Ta lura masu sauraron Hamisu suna daɗewa a tsaye, sai ta kafa kaskon ƙosai a zauren, daidai inda mijinta yake hutawa. Da Nasidi ya sake zancen zai san yadda zai yi da motar, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ka taɓa masa waya ɗaya ka gani," ta ce, tana juya ƙosai.

Yanzu Nasidi da sassafe yake ficewa. A shago yake karyawa, ya ja ƙofa, ya ɗan zauna kafin masu motoci su fara zuwa.