Ɗigo Uku Ja a Kan Taswira

Ana sallame sallar asuba muka bar Kuala Lumpur, ni da wani abokina ɗan Gombe wanda ya yarda ya tuƙa ni. Titin Masjid India, wanda kafin annoba sai ka yi kafaɗa da mutane kafin ka wuce, ranar shagunan yadi duk a garƙame, sai kyanwoyi. Ni kuwa ban ga komai da kyau ba, hankalina yana kan hoton da aka turo mini jiya.

Karatun da ya kawo ni Malesiya a kan murjani ne. Ba na wuyan amare ba, mai rai, wanda yake tsirowa a ƙasan teku. A wani tsibiri da ke gabas ina da gadaje uku na ƙarfe a cikin ruwa, na ɗaɗɗaure musu 'yan reshen murjani kamar mai dashen tumatir. Shekara biyu ina auna girmansu, kuma digirina kacokan a kansu ya rataya. Da aka kulle gari sai na koma ganinsu a waya, ta hannun wani dattijo mai kwalekwale. To da aka sassauta dokar, sai wasu suka shirya gasar ninƙaya a tsibirin. Hoton jiya ya nuna manyan balan-balan ja guda uku, masu nuna wa 'yan gasa inda za su yi kwana, suna lilo daidai saman gadajena. Kowanne kuma bulon siminti ake jefa masa a ƙasa don ya riƙe shi.

Shingen 'yan sanda biyu muka wuce. A na biyu jami'in ya daɗe yana juya takardar izininmu, ya duba shaidar rigakafi, ya sa muka sauke takunkumi ya ga fuskokinmu. Daga ƙarshe ya ɗaga mana hannu muka wuce. Bayan nan hanya sumul, gonakin kwakwar manja dama da hagu har ido ya gaji. Mun sayi nasi lemak, wato shinkafar kwakwa a ƙunshin ganye, ringgit biyu-biyu, muka ci a mota don ba a yarda a zauna a shago ba. Tawa ko rabi ban ci ba. Duk tsawon hanyar nan huɗubar da zan yi wa masu gasar nake haɗawa, abokina yana cewa in rage mata yaji.

Muka bar motar a bakin teku muka shiga jirgin ruwa. Bayan azahar muka sauka a tsibirin, aka ɗora mana na'urar zafi a goshi, na nufi rumfar gasar kai tsaye. Shugabar wata mata ce mai fara'a. Ta bar ni na zazzage duk abin da ke cikina, sannan ta buɗe wayarta ta nuna mini taswira.

“Ai taka ce,” in ji ta. “Inda ka sa ja, nan muka sa ja.”

Na duba da kyau. Taswirata ce kuwa. Wata guda da ya wuce na tura wa dattijon ita, na ɗiga ja a kan gadajen uku, ina nufin nan ne ba a taɓawa. Ban rubuta ko kalma ɗaya ba, don Malayancina bai wuce na sayen abinci ba. Na tuna ya kira ni yana ta maimaita wata tambaya, layi yana yankewa, ni kuma ina sauri, na ce masa boleh, wato ba komai, a yi. Ashe tambayata yake ko a nan za a sa balan-balan ɗin, da na amsa kuma ya miƙa wa masu gasar taswirar.

Ba lokacin jin kunya. Gasa gobe da safe, iska ta fara tashi, kuma duk kaɗawar igiyar ruwa bulon nan jansa take yi a ƙasa yana gurzar abin da ya tarar. Matar ta ce a matsar da su in dai tsawon hanya ba zai canza ba. Muka hau kwalekwale, dattijon ko kallona bai yi ba.

Ni Bakatsine ne, sai da na shekara talatin na koyi iyo, kuma har yau teku ba ta zama ƙawata ba. Na sa tabaran nutso na faɗa. Bulon farko ya faɗi a kan yashi, taku biyu daga gadon. Na biyu ya karya gefe ɗaya kawai. Muka ɗaga su da igiya, abokina yana ja yana amai, yana rantsuwar ba zai sake bin ɗan boko ba. Rana ta yi ƙasa sosai kafin muka kai na uku, wanda murjaninsa ya fi kowanne girma. Bulon ya sauka a tsakiyarsa. Rassan da na san su ɗaya bayan ɗaya sun warwatse a ƙasa, farare a wurin karaya. Na yi kuka a cikin tabarau, ba na ɓoyewa.

Dattijon ya miƙo mini bokiti, ya ce da guntun Turancinsa in tsinto waɗanda ba su mutu ba. Muka ɗaure su a gadon farko har magariba ta kore mu.

Da safe aka yi gasa. Gaskiya abin ya yi kyau, mutanen da suka gaji da zaman ɗaki suna ta murna. Amma bayan sun fita, saman ruwa ya yi maiƙo da man kariyar rana, ga ledojin abin ƙara kuzari da takunkumai suna yawo. Masu gasar da kansu suka bi suna tsincewa, ni ma na shiga cikinsu.

A ranar muka kamo hanyar dawowa. Na tafi da niyyar koya wa mutane yadda ake mutunta teku, na dawo da sanin cewa mai kishin abu ma yana iya kashe shi, in ya amsa tambayar da bai fahimta ba. Washegari na zauna cike takardar rahoto ga malamata. Akwai gurbin da ake rubuta abin da ya lalata murjani, kuma a da zafin ruwa ko guguwa nake sawa. Na daɗe riƙe da biro, sannan na rubuta: mai binciken.